Wai rabon kayan abinci ne zai fidda talaka daga talauci ko mi ya kamata gwamnati tayi?

Ɗan Fadama, Argungu:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya da ta daɗe tana cina, jiya ma ita munka zauna muna yi da abokai a teburin mai shayi har sha ɗayan dare bamu cimma matsaya ba, shi yasa nace bari in kawo ta ko za'a samu masu sanin abun su fahimtar dani.

Ni manomin shinkafa ne, gado nayi, fadamarmu na nan bakin gulbi kusa da Argungu, damina da rani duk muna yi. Duk wanda ya san noman rani ya san rayuwarshi kan inji take, in inji bai sha mai ba shinkafa bata shan ruwa. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur bata kai naira 200 ba, ranar da Shugaba Tinubu yace tallafin mai ya tafi kafin sati ya zagayo ta kai 500, daga baya har ta wuce dubu, to tun daga nan lissafi ya rikice muna. Taki ya tashi, maganin feshi ya tashi, masu dashe da masu yanka suma dole su ƙara kuɗin aiki tunda suma ci sukeyi. Munka daure don lokacin shanshera, wato shinkafar da ba'a casa ba, nada kuɗi. Sai kuma a 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da shinkafa da masara da alkama na kwana 150 don abinci yayi sauƙi, kaya sunka shigo, kuɗin shanshera ya faɗi, amma taki bai biyo shi ƙasa ba. Na san mutane da yawa da sunka rage gona, wasu sun barta gaba ɗaya, ƙanena ma uwa ɗaya uba ɗaya ya saida injinshi ya tafi Legas yin acaba, ya bar mata da yara uku a gida.

To abinda nake gani duk sanda anka ce za'a rage talauci sai a turo tireloli a raba shinkafa da gero da taliya. Ban raina ba wallahi, wanda ya kwana da yunwa ya san darajar mudu guda. Amma sati guda ya ƙare mutum ya koma inda yake. Tambayata itace, shin wannan ne aikin gwamnati, ko kuwa kamata yayi a ɗauki kuɗin a sauko muna da taki da man ban ruwa mu noma da kanmu mu ciyar da kanmu har da wasu? In ni ne ban gane ba a gyara mani.

Malamar Firamare, Birnin Kebbi:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya kawo sauƙi, na ji zafin maganarka don nima mahaifina manomi ne. Amma bari in faɗa maka yadda abun yake daga ɓangarenmu masu awo a kasuwa. Lokacin da shanshera ke da kuɗin da kake faɗa, mu a lokacin ne muke kuka, akwai gidaje a unguwarmu da sai da suka koma cin abinci sau ɗaya, garin kwaki da ƙuli, mai gida ya fita tun asuba don kada yara su tambaye shi. Sauƙin abincin da ya karya ku shi ya sa wasu suka dawo ɗora tukunya sau biyu. Kaga kenan gwamnati ba zata iya cewa a bar abinci yayi tsada don manomi yaci riba ba, kuskurenta a ganina shine da ta sauko da kuɗin abinci bata sauko da kuɗin noma shi a lokaci guda ba.

Batun rabon kaya kuma kada mu yi masa kuɗin goro. Akwai wanda ko taki kyauta ka ba shi ba abinda zai yi dashi, bazawara mai marayu biyar, tsoho da ya makance, mai lalurar da bata barinshi aiki, waɗannan dole sai an miƙa musu a hannu kuma haƙƙinsu ne. Matsalar tana wurin rubuta suna, su waye ke shiga takarda, su waye ake bari.

Ni abinda na gani da idona shine ciyar da ɗalibai da aka fara zamanin Buhari, 'yan aji ɗaya zuwa uku. Ranar da ake kawo abinci aji cika yake har wasu su zauna ƙasa, iyayen da ke tura yara talla da kansu suke rako su, ga matan da aka ɗauka girki suna samun na cefane, ga masu saida ƙwai da wake suna ciniki. Da abun ya tsaya kujeru suka fara zama ba kowa. Yaron da bai karya ba in kana koya masa haruffa idonsa na kan ƙofa. An ƙara mafi ƙarancin albashi zuwa dubu 70 a 2024, nan Kebbi Gwamna Nasir Idris Kauran Gwandu ya maida shi dubu 75, mun gode, amma mutum nawa ne ke cin albashi a ƙauye? Mafi yawan iyayen ɗalibaina ba wanda ke jiran ƙarshen wata.

Mai Albasa, Aliero:

Malama ta faɗi gaskiya. Ni dai a gyara muna hanya a taimaka muna da wurin ajiya, albasa rabi ruɓewa take a rudu kafin kuɗinta ya tashi, shi yasa dillali ke sayenta yadda yaga dama lokacin kaka don ya san baka iya riƙewa. Ba sai an bani ko sisi ba.

Bazamfare, Talata Mafara:

Ɗan'uwa Ɗan Fadama kai ka gode Allah kana ma iya zuwa gona kayi lissafin mai. Mu nan Zamfara akwai garuruwan da maganar taki bata ma taso ba, don gonar ce bata shiguwa. Ka tambayi mutanen Anka da Maru da Zurmi da Shinkafi da Tsafe, akwai ƙauyukan da sai an haɗa kuɗi an kaima 'yan bindiga kafin a bari ayi shuka, in amfani ya nuna a sake biyan wani kafin a girbe, in kuma anka ɗauke mutum guda a gida to shanu da gona da babur duk sai sun tafi wajen kuɗin fansa, gidan da ya shekara talatin yana tara abun hannu sai ya koma bara cikin wata guda. Ka zo Gusau ka ga mata da yara a kangaye da bakin titi, wallahi da yawansu matan manyan manoma ne masu rumbu uku huɗu, ba tsiya ta koro su ba tsoro ne. To irin wanga mutum in ka ba shi buhun shinkafa ka taimake shi na kwana goma, amma abinda yake roƙo a maida shi garinsu ya kwana da ido biyu rufe.

Shi yasa ni in anka tambaye ni aikin gwamnati na farko, tsaro ne, don shi kaɗai ne abinda talaka bai iya yima kanshi. Noma zai yi, kasuwa zai ci, ɗanshi zai kai makaranta ko da bashi, amma bai iya tare mai bindiga. Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawa, jami'an tsaron al'umma na jiha, a farkon 2024, sojoji ma suna ƙoƙari kuma da yawa sun rasa rayukansu Allah ya jiƙansu, amma har yanzu dajin ya fi ƙarfin adadin da ke akwai.

Na biyu kuma ruwa. Ga madatsar Bakolori nan kusa damu kan gulbin Sakkwato tun 1978, an gina ta don noman rani na dubban hekta, iyayenmu suna ba da labarin yadda anka tada ƙauyuka har anka zubda jini a 1980 saboda maganar diyya, to tunda an riga an biya wannan farashin ai kamata yayi kowace magudana ta riƙa kai ruwa har gonar ƙarshe. Inda ruwan kanal ke isa manomi bai sayen fetur ko lita guda, kaga matsalarka ta mai an kashe ta daga tushe. An yi gyara da kuɗin Bankin Duniya 'yan shekarun nan kuma wanda ruwa ya iso ma ya ga bambanci, irin wannan aikin nake so a yawaita, a kuma riƙa yashe magudanun kada a bari ciyawa da yashi su sake cinye su.

Tsohon Ma'aikaci, Jega:

'Ya'yana duk na karanta, kowa da gaskiyarshi. Ni nayi shekara talatin da biyar a aikin ƙaramar hukuma kafin in aje, bari in ƙara muku abu biyu, ɗaya zai yi muku daɗi ɗaya ba zai yi ba.

Abinda Ɗan Fadama ke nema an taɓa gwada shi kuma a nan jiharmu aka fara. Watan Nuwamban 2015 Buhari da kanshi ya zo Birnin Kebbi ya buɗe shirin Anchor Borrowers na Babban Banki, aka ba manoma iri da taki da inji a matsayin bashi su biya da shanshera. Kowa ya ga abinda ya biyo baya, Kebbi tayi suna, aka yi shinkafar Lake Rice ta haɗin gwiwa da jihar Legas a 2016 zamanin Gwamna Bagudu, aka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, ga irinshi na Labana a Birnin Kebbi, samari da yawa suka yi aure suka sayi babura, wasu har Makka. To amma mu faɗi gaskiya tsakaninmu, da yawa basu biya ba. Wasu ambaliya ce ta cinye su kamar ta 2020 da ta shafe fadamu, waɗannan suna da uzuri, amma wasu cewa suka yi rabonsu ne na arzikin ƙasa, wasu ma ko gona basu da ita suka shiga layi suka karɓi taki suka saida a bakin kasuwa. Bashin da ba'a biya ba shi ke hana na baya samu. Don haka in muna cewa gwamnati ta sauko da taki, sai mun yarda a bi gona da ƙafa a auna ta, a san mai ita, maigari da limami su sa hannu, wanda ya ci ya ƙi biya a tuhume shi ko ɗan waye.

Na biyu, talauci a ƙauye yake kwana amma kuɗin a birni suke tsayawa. Rijiyar burtsatse, asibitin sha-ka-tafi, ajin firamare, kwalbatin da ke haɗa ƙauye da kasuwa, duk aikin ƙaramar hukuma ne, muna da 21 a Kebbi kuna da 14 a Zamfara. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa tura musu kasonsu kai tsaye. Ku matasa masu waya ku ne ya kamata ku riƙa bibiya, nawa ya shigo wannan watan, me aka yi dashi, ku je ku tambayi kansilanku cikin ladabi tunda kun san gidansu. Kuma kada ku manta da lafiya, a zamana na ga gidaje da yawa da ba fari ne ya karya su ba, haihuwa ce ta zo da gardama cikin dare, asibitin kusa ba ma'aikaci ba magani, aka ɗauki shatar mota zuwa birni, aka sayi jini, aka saida saniyar noma. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa da ta ce a 2022 mutum miliyan 133 na cikin talauci ba aljihu kaɗai ta duba ba, ta haɗa da ruwan sha da asibiti da makaranta da makamashin girki.

Ɗan Fadama, Argungu:

Na gode ƙwarai. Baba maganarka ta bashi gaskiya ce ba zan musa ba, mu a gidanmu mun karɓa kuma mun biya da buhunan shanshera, amma na san waɗanda basu biya ba kuma muna gaisawa kullum ba wanda ya taɓa ce musu komi, mu ma da laifinmu. Malama kema na karɓi gyara, ban yi tunanin masu awo ba da nake rubutu, raina ne a ɓace saboda ƙanena. Ɗan'uwa na Mafara Allah ya kawo muku ƙarshen wanga bala'i, mu ma ta Augie da yankin Zuru mun fara ɗanɗanawa.

Yanzu abinda muke shawara mu takwas masu gona jere, mu haɗa kuɗi kamar adashi mu sayi injin ban ruwa mai sola ko da guda biyu ne mu riƙa karɓa-karɓa, don wani maƙwabcinmu ya sa bara kuma tunda ya sa bai sake sayen fetur ba sai ranar da hazo ya rufe rana. Kuɗin farko ne ke da nauyi. Baba tunda ka san hanyar ofis, in munka yi rajistar ƙungiya a ƙaramar hukuma, wane sashe ake kai takarda in ana neman a shiga cikin masu samun irin wannan injin ko da bashi ne, sashen gona ko na walwalar jama'a? Kuma mutum takwas sun isa ko sai mun ƙara?