Fili ko mai bishara: da wanne ikilisiyarku ta fara?

Magatakardan ɗakin addu'a, bayan Gonin Gora
Salama a gare ku 'yan'uwa. Tun bara muke taruwa a falon wani dattijo a sabuwar unguwarmu. Yanzu falo ya yi mana kaɗan, yara suna makarantar Lahadi a gindin mangwaro, ga damina tafe. Uwar ikilisiya tana turo mana mai wa'azi kowace Lahadi, amma ba mu da namu. Abin da muka tara na baiko ba zai ɗauki abu biyu ba: ko mu sayi fili, ko mu kama ɗaki mu roƙa a ba mu mai bishara. Kan dattawa ya rabu. Ku da kuka ga haihuwar ikilisiya da idonku, me kuka fara yi?

Dattijo, ƙasar Malumfashi
Ɗana, mu mutum muka fara samu, gini ya biyo baya da nisa. Iyayenmu Maguzawa ne. Mai bishara da EMS, ƙungiyar aika masu bishara ta ɗarikar ECWA, ta aiko mana ya iso da matarsa da akwati ɗaya, mai gari ya ba shi gona da bukka a bakin gari. Da rana yana noma kamar kowa, da dare ya kunna fitilar ƙwai ya koya mana baƙi da wasali. Gaskiya yawancinmu karatun ne ya ja mu, don mu iya karanta wasiƙa da takardar haraji da kanmu. Littafin da muka fara haɗa baƙi a ciki kuwa Littafi Mai Tsarki ne na Hausa, tsohuwar fassarar nan ta 1932.

Rumfar kara muka yi sujada a ciki shekara da shekaru, iska ta kwashe mu sake kafawa. Da masu baftisma suka yi yawa sai aka kira gayya, maza suka buga tubali, mata suka ɗebo ruwa daga rafi. Har maƙwabtanmu Musulmi sun zo sun taka ƙasa, domin mutumin nan ya je musu gaisuwar mutuwa, matarsa kuma ta karɓi haihuwar matansu. Ku tuna EMS ta kafu a 1948, ECWA kanta sai 1954. Aiken mutane ya riga tsarin ikilisiya zuwa.

Wata uwa daga Zumuntar Mata, Kafanchan
Baba ya faɗi gaskiya, amma bai faɗi wa ya ciyar da mai bisharar ba kafin gonarsa ta nuna. A wurinmu mata ne. Kowace ta ware mudun acca ko masara, ranar zumunta a kai gidan malam. Kwanon rufin majami'armu da kuɗin adashinmu da citta da muka sayar aka saye shi, bandir bayan bandir. Ranar keɓe gini aka kira sunayen kwamiti, duk maza, mu muna bayan gida muna tuƙa tuwon baƙi. Magatakarda, a taron da kanku ya rabu, an tambayi mata kuwa?

Ɗan'uwa daga wani gari a can Arewa
Baba, ka yi mini aikin gafara, zamaninku mai gari yake nuna fili da sanda, magana ta ƙare. Yau ba haka ba ne. Ni dai fili nake cewa, kuma yau ɗin nan, domin a unguwar da ake tarewa kuɗin fuloti ba ya jiran kowa.

Sai dai ku kula da takarda. A garinmu samun izinin gina majami'a abu ne mai wuya, don haka aka sayi filin da sunan wani dattijo, a kan amana. Ya yi barci cikin Ubangiji, 'ya'yansa suka zo rabon gado suka lissafa har da filin, takarda kuma tana bayansu. Sai da muka sake sayen abinmu daga hannunsu, wasu iyalai kuma suka bar mu saboda ɓacin rai. Ku rubuta da sunan amintattun ikilisiya, mai unguwa ya sa hannu, a ajiye kwafi a ofishin gundumar ikilisiya.

Ɗan'uwa daga Maraɗi
A nan Nijar mu 'yan kaɗan ne, kuma ikilisiyoyinmu da yawa sun taso ne kusa da aikin ƙungiyar mishan ta SIM, wadda ta shigo Damagaram a 1924 ta buɗe asibitin Galmi a 1950. Tamu wani ma'aikacin jinya ne ya fara ta a zaurensa. A Janairun 2015, da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, 'yan'uwanmu na can sun koma sujada a tsakar gidaje da ƙarƙashin tanti. Waɗanda suka saba taron addu'a gida gida ba su watse ba. Ko kun sayi fili, kada ku bar taron gidajen ya mutu.

Shugabar matasa, Mararaba
Ba wanda ya taɓo harshe. Mun fara da Hausa zalla, da Littafin Waƙoƙi da tulu da gora. Da ma'aikatan Abuja suka tare, 'ya'yansu ba sa ji, sai aka buɗe sujadar Turanci da safe. Yanzu baikon Turanci ya fi yawa, tsofaffin da suka ɗauki yashi a ka suna ganin an mai da su baƙi. Ku yanke wannan tun kuna cikin falo, kuma in za ku roƙi mai bishara ku ce mai harshe biyu.

Rabaran mai ritaya, Jos
'Ya'yana, duk wanda ya yi magana a kan abin da ya gani ya yi. Abin da shugabannin gunduma za su tambaye ku shi ne mutum nawa ne masu baftisma, su wa za su zama dattawa, kuma za ku iya riƙe ma'aikaci wata bayan wata. Na ga inda aka roƙi fasto da ɗoki, bayan girbi aka kasa biyansa, matarsa ta koma suyar ƙosai don yara su ci. Na kuma ga katanga ta kai linta ta tsaya ciyawa ta cinye ta, domin ba mai ziyara a tsakiyar mako. In uwar ikilisiya za ta ɗauki rabin albashi na ɗan lokaci, ku sa ta rubuta, da ranar farawa da ranar ƙarewa. Sai ku biya kafin alƙalamin fili da abin da ya rage, ku kafa rumfar kwano.

Magatakarda
Na gode Baba Rabaran, zan kai wannan gaban dattawa ranar Asabar. Mama, ba a tambayi mata ba, na riga na aika wa shugabarsu. Ɗan'uwa na Arewa, da kuka sake sayen filin, lauya kuka ɗauka ko a gaban hakimi aka yi?