Musayar Waƙa: Malfar Jaji

Rabi'atu:
Salamu alaikum iyaye da yayye,
Ga 'yarku da nauyi cikin zuciya.
Karatu na gama, takarda na akwati,
Shekara ta zagayo, aiki ya ƙiya.
In share tsakar gida, in dafa, in kwanta,
Gobe ta zo mini da fuskar jiya.
Ku faɗa mini don Allah, ni don me aka yi ni?
Wane aiki ne rabona a duniya?

Inna Kulu:
Amin wa alaikissalam, 'yata share hawaye,
Taho mu je Sakkwato ki ji murya.
Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu,
Tana ƙarama ta sha hijira da tafiya.
Daga Degel zuwa Gudu, ga yaƙi ga yunwa,
Ba ta bar wahala ta sa ta tsaya.
Ta yi waƙa da Larabci, ta yi da Fulatanci,
Ta yi da Hausa don matan karkara su iya.

Malam Isa:
Inna ta faɗi daidai. An haifi Nana a 1793, hijirar Gudu a 1804, ta rasu a 1864.

Sunayen surori ta jera su a waƙa,
Mai daka ta rera, ta haddace su ɗaya ɗaya.
Wannan waƙar tata ita ta fi taɓa ni,
Domin na ga tsohuwa ta riƙe ta ba tuntuɓe a hanya.

Rabi'atu:
Malam, Inna, ku yi mini afuwa,
Ita 'yar Shehu ce, gidan ilimi da shiriya.
Mijinta Giɗaɗo Waziri, yayanta Bello,
Ni 'yar mai faci ce, ina zan iya?

Inna Kulu:
Haba 'yar nan, ai ba ki ji ƙarshe ba,
Waƙa ba ta da ƙafa, wa ya kai ta ƙauye?
'Yan Taru ne, tsofaffi da 'yan mata,
A ƙasa suke zuwa, da hatsi cikin ƙwarya.
Jaji, shugabarsu, a gaba, Nana ta ɗora mata malfa,
Ta naɗa jan ƙyalle, ta ce a kama hanya.
Su koma gida su zauna da matan aure,
Su koya alwala, salla da tarbiyya.
Jajin nan fa ba 'yar sarki ba ce,
Abin da ta haddace ta kai, ba ta ji kunya.

Rabi'atu:
Inna, kin sa na leƙa ta katanga,
Maƙwabciyata ba ta karanta takardar magani ko ɗaya.
Ita da kishiyarta da mai ƙosan layinmu,
Na ce su zo bayan La'asar, sun ce za su iya.
Tabarma na shimfiɗa, alli ne babu,
Malam, da baƙi zan fara ko da ƙirga ɗaya?

Malam Isa:
Fara da sunan kowacce, ta rubuta da hannunta,
Allo da alli kuwa, ɗana zai kawo da safiya.