Ɗan majalisarmu da dokar kare mai saye: ina ƙuri'arsa?

Auwalu: Jama'a, abin ya ishe mu. A kasuwanninmu na Kano ana goge ranar ƙarewar wa'adin madara da taliya a buga sabuwa, ana kuma tauye mudu. Wakilinmu kuwa zango biyu yana Abuja, bai taɓa kaɗa ƙuri'a ko ɗaya don kare mai saye ba. Wanda ya musa ya kawo hujja.

Malam Sani: Auwalu, wace ƙuri'a? Yawancin ƙudurori da murya ake yanke su. Kakaki ya tambayi masu goyon baya su amsa, masu adawa su amsa, ya buga guduma. Ba a rubuta sunan kowa. Takardar zaman ranar tana nuna an amince ne kawai.

Auwalu: Malam, amsawa da baki ma ai ƙuri'a ce.

Malam Sani: Abin da ba a ƙirga ba ba ƙuri'a ba ne. Ƙuri'a ita ce irin ta Yulin 2021 a Majalisar Dattawa kan aika sakamakon zaɓe ta intanet: aka kira sanatoci ɗaya bayan ɗaya, sakamako ya fito 52 da 28. Wannan sai wani ɗan majalisa ya ƙalubalanci hukuncin shugaba ya nemi a ƙirga.

Hajiya Binta: Malam, da ƙirge da babu, doka ta ɗau aiki. Dokar gasa da kare mai saye ta 2018, wadda Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa FCCPC, hukumar tarayya mai kula da gasa da kare mai saye, a madadin tsohuwar hukumar 1992. Mai son auna wakili ya duba abu uku: ƙudurin da ya gabatar, abin da ya faɗa a karatu na biyu, da halartarsa zaman kwamiti. In ka nemi waɗannan a rubuce, dokar samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa takardarka.

Nura: Duk wannan don mutumin na jar hula ne. Da naku ne da ba mu ji komai ba.

Auwalu: Ƙanina, ban ambaci jam'iyya ba.

Nura: Kuma tauye mudu ba aikin Abuja ba ne, Yaya. Jiha na da hukumarta ta kare mai saye, can za ku kai kuka.

Hajiya Binta: A'a, Nura. Awo da ma'auni suna cikin jerin abubuwan da tsarin mulki ya keɓe wa tarayya. Abinci da magani aikin hukumar NAFDAC ne, ingancin kaya na hukumar SON, duk na tarayya.

Malam Sani: Hajiya, sikeli da litar mai ne ake hatimcewa. Wa ya taɓa hatimce tiya? Ana bubbuga gindin kwano ya shige ciki, awo ya ragu, ido bai gani ba.

Nura: Tiya daban, mudu daban. Ku fara bambancewa tukuna.

Kabiru, mai kula da zaure: Zan rufe nan. Abin da ya fito fili shi ne Auwalu bai kawo shaida ba, kuma Malam Sani ya tabbatar babu wata ƙuri'a da za a tuhumi Honarabul da ita. Zargi ya faɗi.

Hajiya Binta: Kabiru, ba a faɗi haka ba. Har yanzu ba wanda ya nuna ƙuduri ɗaya da ya gabatar.