Me ya sa makarantun kwana na Ingila suke zawarcin 'ya'yanmu a yanzu?

Baban Ummi, Kano:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar karatun sakandare a ƙasashen waje, musamman mazauna Birtaniya da malaman da suke aiki a makarantun kuɗi. 'Yata ta biyu za ta kammala aji uku na ƙaramar sakandare a bana, kuma tun da na rubuta sunana da lambar wayata a wani baje kolin makarantu da aka yi a wani otal a Abuja, wakilan makarantun kwana na Ingila ba su bar ni na huta ba. Wannan ya kira, wancan ya turo ƙasida mai hotunan filin wasa da ɗakin gwaje-gwaje, har wata makaranta ta yi mini tayin ragi mai tsoka a kuɗin makaranta tun ba ta ga sakamakon jarrabawar yarinyar ba.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, lokacin da yayana ya kai ɗansa can shekarun baya, mu ne muke bin su, sai da yaron ya yi jarrabawa, aka yi masa tambayoyi, aka kuma sa shi jiran gurbi. Me ya sauya har su suka koma bin mu? Kuma wannan ragin alheri ne, ko alama ce ta cewa makarantar tana tangal-tangal? Yarinyar shekararta 14.

Abu Hanif, Leeds:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Na daɗe a ƙasar nan, kuma aikina lissafin kuɗi ne, saboda haka ta wannan fuskar zan amsa maka. Babban abin da ya sauya shi ne haraji. Daga ranar 1 ga Janairu, 2025, gwamnatin jam'iyyar Labour ta ɗora harajin VAT na kashi 20 cikin ɗari a kan kuɗin makarantu masu zaman kansu, har da kuɗin kwana, abin da a da ba a biya. A watan Afrilun shekarar kuma aka janye wa makarantun Ingila masu rajistar ƙungiyoyin jinƙai rangwamen da suke samu a harajin gine-gine, aka kuma ƙara kason inshorar ƙasa da mai ɗaukar ma'aikata yake biya daga kashi 13.8 zuwa kashi 15. Ga makarantar da mafi yawan kuɗinta a albashin malamai yake tafiya, wannan bugu uku ne a cikin wata huɗu. Shahararriyar makarantar kwana ta Eton ta ɗora wa iyaye harajin gaba ɗayansa, kuɗinta ya tashi zuwa kimanin fam 63,000 a shekara, kuma ko a jikinta, domin masu neman gurbi a can sun fi guraben yawa. Ƙananan makarantun da ke cikin ƙauyuka, waɗanda 'ya'yan likitoci da manoma da masu shaguna na yankin suke cika su, su ne suka ji jiki, kuma mafi yawan masu kiranka daga cikinsu suke.

Na biyu shi ne yawan yara. Haihuwa ta ragu sosai a nan, a 2023 matsakaicin abin da mace take haifa a Ingila da Wales bai wuce 1.44 ba, don haka gadajen ɗakunan kwana sun fi yaran gida masu neman su yawa. Shekaru da dama yaran Sin da Hong Kong ne suke cike giɓin, su ne kaso mafi girma na ɗaliban da iyayensu suke zaune a waje. Amma annobar korona ta nuna wa makarantun haɗarin dogaro da ƙasa ɗaya, lokacin da jirage suka tsaya, yaran suka koma gida wasu ba su dawo ba. Ita ma Sin ɗin yawan jama'arta ya fara raguwa tun 2022. Yaran Rasha, waɗanda a da ake ji da kuɗin iyayensu, sun ja baya bayan ɓarkewar yaƙin Yukren. Dole suka waiwayi ƙasashe irin su Najeriya da Ghana da Kenya, inda yara suke da yawa, ana karatu da Turanci, kuma iyaye suna ganin ƙimar takardar Ingila.

Game da ragin, ba ni cewa duk makarantar da ta yi ragi za ta rufe, amma ragin da aka yi ba tare da an gwada yaro ba farashin kasuwa ne kawai, ko da an laƙaba masa sunan tallafin karatu. Yawancin makarantun nan suna da rajista da hukumar kula da ƙungiyoyin jinƙai ko ta rajistar kamfanoni, kuma bayanan kuɗinsu na shekara-shekara suna intanet kyauta. Ka duba yawan ɗalibansu a shekaru biyar da suka wuce, ka duba bashin da ke kansu. An rufe makarantu da dama a 'yan shekarun nan, kuma yarinyar da aka rufe wa makaranta tana tsakiyar shekara biyun GCSE (jarrabawar da ake yi a shekara 16) ta shiga matsala babba, domin bizarta a kan sunan wannan makarantar take, sai an nemo wata an sake neman izini.

Maman Sultan, Abuja:

Alhaji, na taɓa yin aikin wakilcin irin waɗannan makarantu na wasu shekaru kafin na bari, saboda haka bari in faɗa maka yadda abin yake daga ciki. Wakilin da yake ce maka hidimarsa kyauta ce bai yi ƙarya ba, amma bai cika zancen ba. Makarantar ce take biyan shi la'ada, wadda yawanci takan kama kusan kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shekarar farko, wasu makarantun kuma su ci gaba da ba shi wani abu a shekarun da suka biyo baya. Makarantar da take cike ba ta da dalilin biyan la'ada mai yawa, wasu manyan ma ba sa biya sam. Wadda take neman ɗalibai ido rufe ita ce take ƙara wa wakili kaso. Idan ka fahimci wannan, za ka gane dalilin da ya sa sunaye uku ko huɗu ne kullum suke fitowa daga bakin mai ba ka shawara. Dillali ne, kuma dillali ba ya aibata hajar da za ta ba shi la'ada. Ka tambaye shi ƙiri-ƙiri nawa kowace makaranta take biyan shi, mai gaskiya zai faɗa.

Akwai tambayar da iyayenmu ba sa yi, kuma a ganina ta fi maganar ragi muhimmanci: a cikin masu kwana, nawa ne 'yan ƙasa, nawa ne baƙi, kuma yara nawa ne suke zama a makarantar ranar Asabar da Lahadi? Na ga makarantar da a takarda tana da ɗaruruwan ɗalibai, amma mafi yawansu 'yan jeka-ka-dawo ne ko masu tafiya gida duk ƙarshen mako, da yammacin Juma'a sai ka tarar ɗakin kwana ya rage 'yan baƙi kaɗan, rabinsu daga ƙasa ɗaya suna hira da harshensu, ita kuma yarinyar da ta zo daga Najeriya tana zaune a gefen gado da wayarta. Iyayenta sun biya miliyoyi don ta cuɗanya da Turawa, amma Turawan suna gidajen iyayensu.

Sannan kada ka yi lissafi da kuɗin makaranta kaɗai. Akwai kuɗin ajiya, wanda ga ɗan ƙasar waje sau da yawa yakan kai kuɗin zango guda cur. Akwai kuɗin biza, da gwajin tarin fuka kafin a nemi bizar, da kuɗin kiwon lafiya na fam 776 a kowace shekara, da yunifom, da tikitin jirgi, da kuɗin mariƙi, wato wanda zai kula da ita a can a madadin iyaye. Kuma a yarjejeniyar da za ka sa wa hannu akwai sharaɗin ba da sanarwar zango guda kafin ka cire yarinyar, idan ba ka bayar ba sai ka biya kuɗin zangon da ba ta zauna ba. Ragin da za su ba ka ma, ka sa a rubuta cewa zai ɗore har ta gama, domin wani na shekarar farko ne kawai.

Malam Mai Lissafi, Kaduna:

Ni malami ne a wata makarantar kuɗi, kuma da izinin manya ina ganin an tsallake abin da ya fi shafar mu, wato darajar naira. Kafin a saki farashin canji a watan Yunin 2023, fam ɗaya a farashin hukuma bai kai naira 600 ba, a cikin 2024 kuwa sai da ya haura 2,000. Makarantar fam 40,000 a wannan farashin ta zama ta naira miliyan 80 a shekara, kuma daga shekara 14 zuwa kammala A Level, wato karatun shekara biyun ƙarshe kafin jami'a, shekara huɗu ce. Makarantun sun san iyaye da yawa ba za su iya ba, shi ya sa wasunsu suka zaɓi su biyo mu gida. Makarantar Charterhouse ta Ingila ta buɗe reshe a Lekki da ke Legas a watan Satumban 2024, makarantar Rugby ta buɗe nata a Eko Atlantic da ke Legas a 2025. Wannan hanya ta ƙara ƙarfi ne bayan da Sin ta tsaurara doka a 2021, ta hana koyar da manhajar ƙasashen waje ga 'ya'yanta a shekarun karatun dole, wanda ya sa masu neman buɗe rassa suka fara duba wasu ƙasashe.

Shawarata ita ce Alhaji ya bar yarinyar ta yi IGCSE, wato GCSE ta ƙasa da ƙasa, a nan gida, akwai makarantu a Abuja da Kano da Legas da suke shirya ɗalibai don jarrabawar Cambridge, kuma takardar da za ta samu daidai take da ta wanda ya zauna a ko'ina. Idan ta kai 16, sai a duba ko shekara biyun A Level a can sun cancanci kuɗin. Masu tunanin Amurka kuma su sani cewa ɗalibi mai bizar karatu ta F-1 ba a yarda ya wuce wata 12 a sakandaren gwamnati ba, don haka sai makarantar kuɗi, ga shi kuma tun watan Yulin 2025 Amurka ta tsaurara wa 'yan Najeriya sharuɗɗan biza. Kanada ta ƙayyade yawan izinin karatu a Janairun 2024, amma ta keɓe 'yan firamare da sakandare daga ƙayyadewar.

Hajiya Babba, Manchester:

Malam ya yi gaskiya a lissafinsa, sai dai ban yarda cewa takarda ce kaɗai ake saya ba, domin yarinyar da ta zo tana 14 takan saba da salon rubutu da muhawarar ajinsu fiye da wadda ta zo tana 16 aka jefa ta cikin A Level kai tsaye. Amma ni damuwata mariƙi ce. A shekara zango uku ne, kowanne da hutun tsakiya, ga wasu ƙarshen mako da ake rufe ɗakunan kwana dole kowa ya fita. A waɗannan kwanakin 'yarka a gidan wa za ta kwana? Bizar da take ba uwa damar zama da ɗanta ta tsaya ne a kan yaron da bai kai shekara 12 ba, saboda haka mahaifiyarta ba za ta bi ta ba. Idan ba ku da dangi na jiki a nan, ku nemi kamfanin riƙo da ƙungiyar AEGIS ta tantance, ku kuma nemi a sa ta a gidan Musulmi. Ka tambayi makarantar nama na halal kullum ne ko sai an roƙa, ina za ta yi salla, wa zai tanadar mata sahur da azumi, kuma ɗankwali da dogon siket sun shiga yunifom ko kuwa. Tunda su ne suke nema, yanzu ne lokacin da za ka sa a rubuta maka duk waɗannan a takarda kafin ka biya ko sisi.

Baban Ummi, Kano:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Saura tambaya ɗaya: wani wakili ya ce mini idan ta yi shekara huɗu a can, za a ɗauke ta kamar 'yar ƙasa wajen biyan kuɗin jami'a. Haka ne?

Abu Hanif, Leeds:

Ba haka ba ne, Alhaji. Shekarun da yaro ya yi a kan bizar karatu ba sa ba shi wannan matsayi, domin a Ingila sharaɗin shi ne ya kasance yana da izinin zama na dindindin ko makamancinsa, sannan zaman shekara ukun da ake ƙirgawa ya zama ba don karatu kawai aka yi shi ba. Za ta shiga jami'a a matsayin baƙuwa, ta biya kuɗin baƙi, wanda sau da yawa yakan ninka na 'yan ƙasa sau biyu ko fiye, a fannin likitanci kuma abin ya wuce haka nesa. Don haka ka haɗa shekarun jami'a uku a cikin lissafinka tun yanzu. Wakilin da ya faɗa maka wannan magana, ka nemi ya turo maka ita a rubuce da sa hannun makarantar, za ka ga ba zai turo ba.