Motata tana kafewa a yashin dajin Okala

Assalamu alaikum 'yan uwa. A jihar Florida ta Amurka nake, nakan shiga dajin Okala da motata Toyota Tacoma mai fowil. Yashin can fari ne, laushi kamar gari, balle in an kwana biyu ba ruwan sama.

Na rage iskar taya zuwa 18 a ma'aunin iska na PSI, a miƙe lafiya lau. Amma da na sassauta zan sha kwana tsakanin itatuwa, sai ta tona rami ta zauna kan cikinta. Sau uku ana jawo ni, har kunya nake ji. Na sauke zuwa 12, taya ta zame daga rim.

Na'urar hana santsi ce ke yanke min wuta, ko tayoyin laka ne ke haƙa? Don Allah wanda ya sani ya taimaka.