Faiba ko rautar 5G? Masu data marar ƙarewa a gida ku taimaka min

Ɗan Hotoro: Salamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka yi amfani da abin da kansu, ba ji a bakin wani ba. Tun da aka yi ƙarin kashi 50 ɗin nan na kuɗin kira da data a farkon 2025, datar da muke ƙonawa ni da uwargida da ƙanina ɗan jami'a ta doshi dubu 45 a wata. Aikina duk ta Zoom ne, ita kuma da daddare take hawa laif tana tallar atamfa da leshi. Zaɓi biyu ne a gabana, wasu masu faiba, wato intanet ɗin da ake jan waya har cikin gida, da suka shigo layinmu sun ce dubu 25 a wata ban da kuɗin jan waya, sai rautar 5G ta dubu 30 da aka ce datarta ba ta ƙarewa. Gidan haya nake, bayan babbar sallah kuɗina zai ƙare kuma ban san ko zan sabunta ba. Ba na son wuce dubu 35. Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan adam, ba ya cikin lissafi, kuɗin kwanon kaɗai ya fi ƙarfina.

Sarkin Gemu: Wa alaikumus salam. Sayi Starlink kawai ka huta malam.

Uwar Biyu: Kai Sarki, ko layin ƙarshe ba ka karanta ba 😂

Mai Shagon Kwamfuta: Ɗan'uwa in kana son hawan jini ka saka faiba. Ni wata uku na biya a dunƙule saboda sun ce akwai ragi, sati na farko wallahi kamar a mafarki, sai aka fara aikin kwalbati a bakin titinmu katafila ta tsinke wayar, kuma daidai lokacin rajistar JAMB ne, lokacin da nake samun kuɗin shekara. In na kira su ce an buɗe min tikitin koke, gobe in kira a sake buɗe wani tikitin. Yara sun cika shago da iyayensu ina kallo suna tsallaka titi zuwa wajen maƙwabcina. Da ƙyar wani yaro ya zo da tsani, shi ma sai da na ba shi kuɗin mai, ya duba ya ce ba daga falwayata ba ne. Abin da ya fi ci min rai, kwanakina suna ta tafiya ba su tsayar ba, da aka gyara na ce a mayar min aka ce ba laifinsu ba ne na ɗan kwangila ne. To ni laifina ne? Wayar na nan har yau a jikin bango, shanya nake a kanta.

Uwar Biyu: Allah ya mayar da alheri Alhaji. Ba ka kira 622 ba? Layin koke ne na NCC, hukumar sadarwa ta ƙasa, kyauta ne, in kamfani ya ƙi sauraronka.

Mai Shagon Kwamfuta: Hajiya lokacin wa ya san da wannan. Kuma ko sun mayar min da kwanaki za su mayar min da kwastomomi?

Injiniya: Tsinkewar waya gaskiya ce, masu aikin titi ne suka fi jawo ta, amma wanda ya yi tambaya ya lura da wani abu. Yawancin rautocin nan da ake cewa datarsu ba ta ƙarewa akwai ƙa'ida a ƙananan rubutu, in ka cinye wani adadin giga sai su rage maka gudu har wata ya ƙare. Ka tambaye su giga nawa ne kafin a rage, kuma a rage zuwa nawa, su rubuta maka. Na biyu, mai laif gudun turawa take buƙata ba na saukewa ba, a nan faiba ta fi. Na uku, ƙarfen sabis kamar burtsatsen unguwa ne, da hantsi kai kaɗai ne, ƙarfe 9 na dare kowa ya zo da jarkarsa. Ka ari rautar wani ka gwada a ɗakin da madam take laif a daidai wannan lokacin. Kuma in sun ce maka gudun 20Mbps, ba mega 20 ba ne a daƙiƙa, raba da 8 za ka yi, 2.5 kenan.

Mai Shagon Kwamfuta: Injiniya faɗi gaskiya, nawa suke ba ka a kan kowane kai? Duk wanda ya yabi faiba a gabana dillali ne.

Injiniya: Haba Alhaji, sola nake haɗawa, ba ni da haɗi da kowa.

Ɗan Gwarimpa: Ni faibata dubu 18 nake biya kuma ban taɓa samun matsala ba. Dubu 25 cuta ce.

Baban Yara: Yallaɓai kai kana Abuja, kamfanoni na rububinku. Mu nan wanda ya shigo layi shi ne sarki. Ni dubu 32 aka ce min, kuma jan waya kyauta, ashe sun zuba kuɗin a cikin na wata.

Sarkin Gemu: Shi ya sa na ce Starlink, dubu 38 ba katafilar da za ta hau sama.

Baban Yara: Wane 38? Dubu 75 ne.

Injiniya: Duk ku biyun kun kwana a hanya. 38 tsohon farashi ne, 75 sun sanar a ƙarshen 2024 NCC ta taka musu birki, daga baya a 2025 ya koma 57.

Autan Mama: Ni dai tsarin da na fi ganin ribarsa shi ne na maƙwabci. Gaisuwar safe da ta yamma kawai nake biya, ranar da ya canza faswod in kai masa ƙosai 😂

Uwar Biyu: Allah ya shirye ka Auta. Ni rauta nake amfani da ita don muna yawan tashi daga gida, ka cire ka saka a jaka shi kenan. Amma yara da katun sun sa kafin 20 ga wata ta fara jan ƙafa. Kuma duk wannan surutun, in babu wuta fa?

Baban Yara: Yawwa Hajiya, nan ne ciwon. An jefa mu Band A, rukunin wuta mafi tsada, tun Afrilun 2024 da aka fara da naira 225 kowane yunit, wai awa 20 a rana. Wallahi in mun ga rabin haka har sadaka muke yi, amma mita na zuƙar kuɗi kamar da gaske.

Ɗan Gwarimpa: Mu muna samu gaskiya.

Baban Yara: Don Allah wani ya fitar da mutumin Abujan nan.

Mai Shagon Kwamfuta: Mu taransifoma ce ta ƙone, aka ce kowane shago ya kawo dubu 10, mun haɗa, har yanzu janareto nake ja.

Ɗan Hotoro: Na gode ƙwarai jama'a. Amma batun hayar fa, in na tashi masu faiba suna mayar wa mutum wayar sabon gida ko sai ya sake biya?

Autan Mama: Injiniya bar wannan tukuna, batirin litiyam da zai ɗauki fanka biyu da talabijin nawa yake yanzu?