Ranar da kogi ya sauya fuska tsakanin atisaye da gasa

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum 'yan'uwa matuƙa. Mako uku na yi ina atisayen tseren kwale-kwale mai ratsa ƙofofi a kogin da ya ratsa wurin shaƙatawar birninmu, har na haddace kowane dutse da ke cikinsa. Daren jajibirin gasa aka kwana ana ruwan sama, da gari ya waye kogin ya cika ya yi ja. Kwantaccen ruwan da ke bayan wani babban dutse, inda aka rataye jar ƙofa wadda dole a shige ta ana fuskantar gudun ruwa, ya ɓace gaba ɗaya. Ruwa ya wuce da ni ban shiga ƙofar ba, aka ƙara mini daƙiƙa 50 a kan lokacina, hukuncin tsallake ƙofa. Ina son jin wanda ya taɓa cin karo da irin wannan.

Tsohon hannu: Wa'alaikumus salam. Ni akasin haka ya same ni, domin ruwa ne ya janye. Ina durƙushe a kwale-kwalena, filafilin ya sari dutsen da ban taɓa sanin yana wurin ba, na karkace, hular kwanona ta daki sandar koriyar ƙofa, wadda ake shiga ana bin gudun ruwa. Daƙiƙa 2 kacal aka ƙara mini, amma sandar tana ta lilo a idona har na kai ƙarshe, sai na sake taɓa wasu biyu saboda hankalina ya tsaya a baya.

Malama mai horarwa: Ɗan'uwa, a ganina ba cikar kogin ce ta kayar da kai ba, haddar da ka yi ce. Tun da ba a yarda ɗan wasa ya gwada ƙofofin gasa kafin a fara ba, abin da ya rage masa shi ne ya bi gaɓa da ƙafa, ya tsaya a kan kowace ƙofa ya ga inda kumfa ke taruwa da inda ganye ke juyawa, sannan ya kalli waɗanda ake saki su fara nuna hanya. Haddar hanya tana amfani ne inda ruwa ba ya sauyawa sosai. A gasar Olamfik ta 1972, wadda aka fara shigar da wasan, an yi tseren ne a mashigin ruwan da aka gina a birnin Augsburg na Jamus ta Yamma, kuma Jamus ta Gabas ta gina kwatankwacinsa a birninta na Zwickau ta yi atisaye, ta kwashe zinare huɗun duka. Kogin wurin shaƙatawa kuwa ba ya ba kowa wannan dama.

Sabon shiga: Ni kifewa na yi dab da ƙofa, na wuce ta kaina yana cikin ruwa. Na mirgino na tashi ina murna, ashe an riga an rubuta mini 50.

Mai buɗe zance: Malama, gaskiya kika faɗa. Da safen nan ban taka gaɓar ba ko sau ɗaya, ina can ina gyaran rigar kariya, ina ganin na riga na san kogin.